Ranar da na aiki 'yata lungun marina

Akwai wata Asabar a New Bell wadda ko da zan tsufa in rikice, in manta sunayen jikokina, ba na jin ita za ta fita daga raina. Ita ce ranar da na fara aiken 'yata, tana da shekara goma sha uku a duniya. Wani zai ce to mene ne abin labari a aiken yarinya? Ni ma da haka zan ce, in da ba a kaina abin ya faru ba.

A unguwar New Bell da ke Douala aka haife ni, a ɗaki biyu na wani gidan katako na haya. Fataucin goro ne ya kawo babanmu daga Arewa, ya zauna bai koma ba. Ya rasu ina ƙarama, sai mahaifiyata, Inna, ta riƙe mu da koko da ƙosai. Tun ina shekara bakwai nake ɗaukar talla. Daga gida zuwa tashar jirgin ƙasa, daga can zuwa kasuwa, a dawo a sake ɗauka, ba takalmi, ruwan Douala na dukana. Babu lungun da ban sani ba, babu katakon da aka gitta a kan lambatu wanda ban san inda yake rawa ba. Amma na sha wuya. Na rame har ana ce mini sillen kara. Ranar da dangin mijina suka zo ganina, na ji wata gwaggonsa tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa, "Wannan ai sai an yi kiwonta tukuna."

Mijina ma'aikaci ne a wani kamfanin da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. Allah ya buɗa masa, muka koma gidan siminti a wajen unguwar Akwa, da famfo a cikin gida, daga baya har da talabijin. Na haifi biyu suka koma. Da ta ukun ta zo ta zauna, sai na yi wa kaina alkawari: wannan ba za ta taɓa ɗora faranti a ka ba, ba za ta taka laka ba, rana ba za ta ƙona ta ba. Na kuwa cika alkawarin, har na wuce da shi.

Da safe buredi da bota da cakulan, da madara mai kauri. Mai taksi ya zo ƙofa ya ɗauke ta zuwa makaranta, ya dawo da ita ƙofa. In ta dawo ta zauna gaban talabijin ina miƙa mata abin taɓawa. Kullum kuma ina ja mata kunne: kada ki tsaya a hanya, kada ki kula kowa, wanda ba ki sani ba ko ya yi miki magana kada ki amsa. Yarinya ta yi ɓulɓul, kumatu kamar a taɓa su fashe, wuya ya yi layi-layi. Ni ma na ciko. In muka shiga gidan suna sai ka ji ana cewa, "Masha Allah, hutu ya zauna." Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. A wurinmu a lokacin, jikin ɗanka shi ne shaidar gidanka.

Inna kaɗai ce ba ta yaba. A ƙafa take zuwa daga New Bell, ta ƙi taksi, ta zauna a tabarma ta ƙi kujera. Madam take kiran jikar tata.

"Madam, tashi ki sayo mini goro a bakin titi."

"Kaka, ban san wurin ba."

"Ga shi can ana hangowa daga taga! Ke da me kike amfani da ƙafafun nan, ado?"

Sai yarinyar ta yi dariya ta faɗa jikinta, Inna tana cewa, "Wayyo, za ta karya ni, ku ɗauke mini buhun fulawar nan." Suna son juna ƙwarai. Amma in mun keɓe sai Inna ta sassauta murya ta ce, "Ki riƙa aikenta, ko gishiri ne. Ba don gishirin ba." Ni kuma in ce, "Inna, wuyar da na sha ta isar mana mu biyu." Sai ta bar maganar. Ba mai jayayya ba ce.

Sai kriz ta zo, wato shekarun nan da komai ya tsaya. Kamfanoni suna ta sallamar mutane, na su mijina ma ya rufe gaba ɗaya. Muka sayar da abin da za a iya sayarwa, muka tattara muka koma New Bell, gidan Inna, ɗakin da na tashi a ciki. Mijina da ke ɗaura taye a wuya ya koma shimfiɗa takalman gwanjo a ƙasa a bakin kasuwa.

Yaran unguwa duk sirara ne, masu zafin nama, kowa da farantinsa a ka. Da suka ga 'yata sai suka samu abin wasa. In ta leƙo ƙofa su hau waƙa suna kwaikwayon tafiyarta. Ta dawo ɗaki tana kuka. A nan ne ya kamata in tura ta cikinsu, su yi tsokanarsu su gaji, su zama ƙawaye. Sai na ƙara rufe ta. Ni nake ɗebo ruwa, ni nake zuwa kanti. Makaranta kuma babanta ke raka ta ta babban titi, ya je ya taho da ita. Muka shekara guda a unguwar, yarinyar nan ba ta san abin da ke bayan masallacinmu ba.

A shekarar ne ake kulle gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba shago ba mota, sai hayaƙin taya a kan titi. Asabar ake buɗe kasuwa, don haka duk mai ƙafa ranar yana waje, masu saye da masu sayarwa, manya da yara. Gidanmu mai haya shida ne, amma a wannan Asabar ɗin daga ni sai Inna sai 'yata.

Inna tana da asma tun da daɗewa, damina ce ke tayar mata da ita. An kwana ana ruwa, ɗaki ya yi sanyi. Wajen hantsi ina wanke-wanke na ji wani sauti kamar ana busa ƙaramin usur. Na shiga na same ta ta dafa bango, ƙirjinta na sama da ƙasa. Ɗan abin da take shaƙa ya ƙare tun makon da ya wuce, kantunan magani kuma duk makon a rufe suke. Amma akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin asibiti, duk unguwa Dokta muke ce masa. Shi ke yi mata allura in abin ya tashi, kuma in ya yi, kafin ya rufe jakarsa numfashinta ya dawo. Gidansa ba nisa. In ni ce, kafin ruwan shayi ya tafasa na je na dawo.

Inna ta riƙe hannuna gam. In na sake ta kifewa take yi, dole sai an tallafe ta a zaune. Na dubi 'yata da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Za ki riƙe Kaka in je, ko za ki je?"

Ta kalli idanun Inna da suka firfito, ta ce, "Zan je, Mama."

Na ce, "Ki bi ta bayan masallaci, ki shiga lungun marina, ki miƙe har rijiyar Barebari, ki tsallake katako, ki yi dama. Ƙofa shuɗiya. Kin gane?"

"Na gane."

Ta fita da gudu, irin gudun da za ta iya.

Na yi shekaru ina juya wannan kwatance a raina. Haka Inna take yi mini shi, haka kowace uwa a unguwar take yi wa ɗanta. Abin da ban tuna ba shi ne, babu marina a lungun marina. Masu rinin sun tashi tun ina budurwa, suna ne kawai ya rage. Rijiyar Barebari kuwa an daɗe da cike ta, an gina shagon tela a kai. Yaron da ya tashi yana yawo a unguwar ya san su kamar tafin hannunsa, don a bakin 'yan'uwansa yara ya ji. Ita kuwa ramukan shuni ta tafi nema, da rijiya mai guga. Kuma kunya ta hana ta ce mini ba ta gane ba.

Na zauna na jingina Inna a ƙirjina ina yi mata fifita, kunnena na ƙofa. Duk takun da na ji sai in ce ga su nan. Inna ta ɗago da ƙyar.

"Wa... kika aika?"

"Madam ɗinki."

Ta rufe ido. Can ta ce, "Kayya." Ta ja numfashi sau uku ko huɗu kafin ta samu na ƙarasawa. "In ta dawo... kada ki yi mata faɗa."

Sau biyu ina yunƙurin in kwantar da ita in ruga da kaina, sau biyu tana damƙe mini zane. Na yi ta ƙwala kira ta taga, ba kowa, sai kaji. Aka yi kiran azahar. Leɓunanta suka canza launi. Ina yi mata kalmar shahada tana motsa baki, har na ji nauyinta ya sauya a jikina. Wanda ya taɓa riƙe mutum a wannan lokacin ya san abin da nake nufi.

Jim kaɗan wata maƙwabciyarmu ta dawo daga kasuwa. Ta ajiye kayanta ta ruga, sai ga ta da Dokta, ko numfashi ba ta gama mayarwa ba. Yana gida tun safe, ba wanda ya zo. Ya duba Inna, ya rufe jakarsa. Na tambaye shi ko da an zo da wuri allurar za ta yi. Ya ce, "'Yata, wannan Allah ne ya sani." Na gode masa da bai ƙara a kan haka ba.

Aka kira mijina. Gida ya cika. Ana yi wa Inna wanka a ciki, samari sun bazu neman 'yata a waje. Ni ina zaune a tsakiya, ban san wanne zan yi wa kuka ba.

Bayan la'asar, an ɗauko makara ana fitowa da ita ke nan, sai ga wata mata mai sayar da kifi, ba Bahaushiya ba, riƙe da hannun yarinyar. Can nesa wajen unguwar Nylon ta tsince ta, zaune a bakin hanya. Ta zame daga kan katako ta faɗa lambatu, laka har ƙugu, takalmi ɗaya ya tafi. Cinyoyinta sun goge da tafiya har sun yi jini, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Matar ta ce ta daɗe tana tambayarta daga ina take, ta ƙi magana. Ashe haka ta yini, tana wuce mutanen da za su nuna mata gidan Dokta da yatsa, ba ta tambayi ko ɗaya ba. Ni na hana ta.

Ta ga makara. Ta dube ni ta ce, "Mama, pardon, ki yafe mini. Na ga ƙofa shuɗiya guda huɗu, duk na ƙwanƙwasa."

Kafin in buɗe baki, wata daga cikin masu zaman makoki ta ce, ba ma a ɓoye ba, "Duk wannan uban jiki, aike ɗaya ya gagara. Da ɗan shekara biyar aka tura, da tsohuwa na nan." Na ga maganar ta shiga yarinyar. Ban yi mata faɗa ba, kamar yadda Inna ta roƙa. Amma ban kare ta ba. Na yi shiru, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Daga ranar ta daina cin abinci. In na zuba mata sai ta juya cokali ta ture. Kafin arba'in kayanta sun yi mata yawa, ƙasusuwan wuyanta sun fito irin nawa na da. Matan unguwa kuwa sai suka fara cewa, "Kai, yanzu kika yi kyau, kin zama budurwa." Ita kuma ta sunkuyar da kai. Su suna ganin kyau, ni ina ganin 'yata tana hukunta jikin da ni na gina mata da hannuna.

Bayan an share makoki, wata safiya na ce ta ɗauko mayafinta. Muka bi ta bayan masallaci. Na nuna mata lungun, na ce nan ne marina, ga inda ramukan suke da. Na nuna mata shagon tela, na ce a ƙarƙashin keken nan rijiyar take. Muka tsallake katako, na nuna mata inda ake sa ƙafa. Muka yi dama. Ta tsaya a gaban ƙofar, ta waiga ta hango hasumiyar masallacinmu, ga ta nan kusa kamar ka miƙa hannu.

Ta ce, "Nan ne kawai?"

Na ce, "Nan ne. Kuma ba ke kika ɓata ba. Ni ce ban taɓa nuna miki ba."

A nan bakin ƙofar mutane muka tsaya muka yi kukan da ba mu yi tare ba ranar rasuwar. Da muka koma gida ta ci tuwo, kaɗan, amma ta ci.

Yau tana aure a unguwar Ndogpassi da 'ya'yanta uku, lafiyarta ƙalau, sai dai har yanzu in aka ambaci Inna takan tashi ta bar wurin. Kwanan Inna ya ƙare ne, na sani, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma nauyin da yarinyar nan ta ɗauka tana shekara goma sha uku, ni na ɗora mata. Na ɗauka ƙauna ita ce in tsaya tsakanin ɗana da kowace wahala. Ashe ranar da zai fi bukatar sanin hanya, ita ce ranar da hannuwana biyu suke riƙe da wani abu, ba zan iya raka shi ba. Don haka, 'yan'uwana mata, ku ciyar da su, ku tausaya musu, amma ku bar su su taka unguwarsu tun kuna da halin tsayawa a ƙofa kuna hangensu.