Damaris Da Rajistar Takardun Da Aka Sace

Damaris Kazah ta yi shekara goma sha tara tana aiki a wani ƙaramin ofishin dillalan hannun jari a Kafanchan, ɗaki biyu a saman bene, bisa wani kantin magani. 'Yar tsohon ma'aikacin reluwe ce, gajeriya, mai siririyar murya, ba ta fashin zumuntar mata a cocinsu.

A wancan lokacin duk wanda ya sayi hannun jari a kamfani, satifiket ake ba shi, takarda mai kauri da lamba a jikinta. Malaman makaranta da fastoci da 'yan kasuwar citta, kowa yana da tasa a ƙasan akwati. In ta ɓace ko an sace, wurin Damaris ake zuwa. Sai ta buɗe babbar rajista ta rubuta sunan mai ita da lambarta da ranar da ya kawo kuka, ta haɗa da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, a aika wa masu rajistar kamfanin a Legas su tsayar da ita. Ƙa'idar aikin ita ce ba a goge layi, ba a cire shafi. Kuma wanda ya kawo satifiket zai sayar, sai ta fara duba littafin nan.

Yawanci gara ce ke cin takardun, ko ruwan damina ya jiƙa su. Amma bayan rikicin 2011, da aka ƙone kasuwa da gidaje, mutane suka riƙa yin layi a kan matakalar benen. Cikinsu akwai Malama Zamzam, matar Alhaji Arzika mai sayen citta. An sare mijinta da rana tsaka a ƙofar sitonsa, an fito da akwatinsa na ƙarfe da takardun hannun jarinsa a ciki, sannan aka cinna wa siton wuta da gawarsa a ciki. Ta zo da kwafin takardun a cikin leda, ta zauna ba ta kuka. Damaris ta rubuta lambobi shida, ta ba ta ruwa, ta raka ta har ƙasa.

Wata bakwai bayan nan, ran wata Talata, Oga Leonard, shugaban ofishin, ya tafi Kaduna. Wajen ƙarfe goma sai ga Samson, ɗan ƙanwar mahaifiyarta, wanda ta goya yana jariri. Ya ajiye ambulan a kan teburinta.

"Anti, wani kwastoma ne ya biya ni da wannan. Ina so a sayar."

Ta zaro takardun. Shida ne, duka da sunan Arzika. Akwai fom ɗin sayarwa da sa hannun marigayin, amma kwanan watan da ke jiki na bayan mutuwarsa ne da sati uku. Ta buɗe rajista duk da ta riga ta sani. Lambobin suka yi daidai.

"Samson, ina ka samu akwatin?"

"Wane akwati? Ni ban ce akwati ba."

"Kana wurin ranar da aka kashe mutumin nan?"

Ya duƙo, ya rage murya. "Anti, su ma sun kashe namu. Ki yage wannan shafi kawai. Wa zai sani?"

"Ba na yage shafi. Kuma an riga an aika Legas."

"Ƙarya ne. To ba ni kayana."

Ta jefa takardun cikin durowa, ta murɗa makulli, ta sa shi a rigarta. Ta ce masa takardar da aka sace ba ta komawa hannun wanda ya kawo ta, kuma dole ta sanar da 'yan sanda. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya sauka.

Ta kira Oga Leonard, wayar ba ta shiga ba. Tana cikin rubuta abin da ya faru sai ta ji takun gudu a matakala. Samson ya banko ƙofa da adda a hannunsa, yana warin burkutu. Ya kifar da teburin, ya damƙi gashinta ya buga kanta da bango har goshinta ya fashe. Da ya kai hannu ga rajistar sai ta faɗa kanta, ta rungume ta a ƙirji.

"Saki!"

Ba ta saki ba. Saran farko ya same ta a kafaɗa. Na biyu ya sauka a kan hannunta na dama, ya cire mata yatsu biyu, ya tsaga bangon littafin. Ta ƙwalla ƙara.

Mai kantin maganin da 'yan acaɓan da ke bakin titi suka hau a guje. Suka jawo Samson da ƙafa, kansa yana dukan matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Suka rufe shi da duka da katako da duwatsu, suka karya masa muƙamuƙi, wani ya fara zuƙo fetur daga babur. Damaris ta rarrafo zuwa taga, jini ya rufe mata ido ɗaya.

"Kada ku ƙone shi! Ɗan'uwana ne! Ku kai shi ofishin 'yan sanda!"

Sau uku ta faɗa kafin mai kantin ya ji, ya tare mai fetur ɗin.

Ta yi sati biyar a asibiti. A kotu aka kawo rajistar, shafukanta sun manne da jini, aka ɓamɓare su da wuƙa har aka kai ga layin Arzika. An ɗaure Samson saboda sata da sarar da ya yi mata. Kisan Alhaji kuwa ba a sami mai shaida ba. Mahaifiyar Samson ba ta ƙara yi wa Damaris magana ba har ta mutu, kuma a coci akwai matan da suka daina zama a bencinta, suna cewa ta sayar da jininta saboda takarda.

An sake wa Malama Zamzam sababbin takardu, ta koma Jos wurin 'ya'yanta. Damaris ta koyi rubutu da hagu, ta ci gaba da aiki shekara shida, har aka mayar da hannun jari cikin kwamfuta aka rufe ofishin.

Yanzu tana garin Gidan Waya, kusa da Kafanchan, tana sayar wa ɗaliban kwaleji abinci. Bara aka sako Samson. Ya zo rumfarta sau ɗaya, bakinsa a karkace, ya tsaya daga nesa. Ta zuba shinkafa da wake ta ajiye a ƙarshen benci. Ya ci, ya tafi.