Ƙofar da Sanusi Bai Buɗe Ba

Shekara shida ke nan da muka kai jikana Sanusi makwancinsa. Ban yi boko ba, ƙanwarsa ke rubuta abin da nake faɗa. Ku saurara yadda ake sauraron tsohuwa.

Da ciwon sikila aka haife shi. Sa'o'insa na tamaula a fili, shi yana ɗaki da ciwon gaɓɓai. Sai ubansa, da ke zuwa aiki Abuja kullum asuba, ya sayo masa akwatin wasa na gwanjo, irin wanda ake cusa wa kaset a haɗa da talabijin. Yaron da ƙafarsa ba ta taɓa wuce garin Izom ba, sai ga shi yana ƙetare teku da duwatsu, gari bayan gari.

Da fari faɗa na yi. Na ce tatsuniya ce wannan, kuma ba a tatsuniya da rana. Ya ce, "Amarya, kishi kike don na samu wadda ta fi ki labari." Na ce, "Tafi can, mijin da ba ya cefane."

Yana da ra'ayi, kuma ba ya sayar da shi. Wasan tsere da na dambe, a wurinsa hayaniya ce. Wasan kirki shi ne wanda za ka shiga gari ka bi gida gida kana gaisawa, domin wanda bai gaida mutane ba, ba mai nuna masa hanya. Faɗan cikinsa ma ya ce na masu kunya ne: ka buga, ka tsaya, abokin gaba ya buga nasa. Mutanen tafiyarsa huɗu, shi ya raɗa musu suna. Mai ba da maganin cikinsu, sunana ya sa mata.

Yanzu kuwa na ji an buɗe shagunan wasa a bakin kasuwa, da faifai mai ƙyalli maimakon kaset. Na wuce na leƙa. Yara na dukan maɓallai kamar masu sussuka, ba mai tsayawa ya ji abin da aka ce masa. Ina tambayar kaina, da Sanusi ya gani, tsaki zai yi, ko kuwa kyan hoton zai ja shi? Ban sani ba. Mamaci ba ya sake ra'ayi, mu ne muke sake masa.

Ga abin da ya hana ni zama. Sanusi ya kai ƙofar ƙarshe ta wasansa, ya ƙi buɗewa. Ya ce in ya gama, garuruwan nan duk sun tashi. Kafin ya sake shawara ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

A watan jiya abokinsa Bitrus, wanda yanzu yake gyaran rediyo, ya zo gaishe ni. Ya kunna akwatin, sai ga mutanen Sanusi tsaye a bakin ƙofa, inda ya bar su. Bitrus ya ce, "Kaka, akwai ɗan batir a cikin kaset ɗin, shi ke riƙe da tafiyar. Ya tsufa. In ya mutu, ta goge. In na cire don na sa sabo, ta goge. Ko mu buɗe ƙofar tun da sauran dama, ko mu rasa."

Gaba damisa, baya siyaki. In na ce a buɗe, na ƙarasa masa abin da ya ƙi ƙarasawa da hannunsa. In na ce a bari, wata rana za a kunna a tarar da wayam.

Abin da na iya shi ne na sa Bitrus ya koma da su baya, gari gari, yana fassara mini abin da mutanen ke cewa, ina haddacewa. Yanzu ina ba yaran gidanmu labarin, da tsohon da ke gadin gada, da rijiyar da ke magana. Har sun koyi cewa matafiyi ya fara da gaisuwa. Wannan dai ya rage na Sanusi, kuma ba batir ke riƙe da shi ba, sai dai ni ma ba sabuwa ba ce. Idan muka iso ƙofa, suka ce, "Kaka, sai me?" sai in ce dare ya yi, a je a kwanta. Na tsufa ina rufe tatsuniya, ga guda ta gagare ni.

Allah Ya jiƙan Sanusi, Ya sa ya huta da ciwo. Bitrus ya zo jiya, ya kunna, suna nan tsaye. Ya dube ni, yatsansa a kan maɓalli. Na ce masa jibi. Haka na ce masa makon jiya ma.