Malam Ilu Mai Zuma da Furen da Muke Kira Ciyawa

Da hantsi, in raɓa ta fara barin ganye, Malam Ilu yakan fita bayan garin Makera da sandarsa. Ba gona yake zuwa ba. Fako yake nufa, busasshiyar ƙasar nan mai tsakuwa da garma ba ta kamawa. Can zai durƙusa, ya kai fuskarsa kusa da ƙasa, ya daɗe yana kallon wani fure da bai fi farcen ɗan yatsa ba. Shekara talatin da wani abu yana haka, yana kuma rataya amya a kan tsamiya da gawo, daga Makera har ƙauyukan Kurfi. Bana gwiwa ta ce ya isa. Ya daina hawa.

Mu dai kalma ɗaya muke da ita ga duk abin da muka yi ƙyuyar dubawa: ciyawa. Shi kuwa kowanne da sunansa. Ya san kalankuwa mai ruwan ɗorawa da ke tashi in damina ta yi nisa. Ya san kashin yawo, wanda ƙayarsa ke addabar ƙafa da bindin awaki. Akwai kuma wani ƙaramin fari mai ɗigon rawaya a tsakiya, wanda bai taɓa jin sunansa a bakin kowa ba, sai ya raɗa masa Mai-jiran-rani. Yana buɗewa ne bayan ruwa ya ɗauke, sa'ad da komai ya fara bushewa, kuma da shi ƙudan zumarsa ke riƙe rai kafin itatuwa su yi huda.

Ya taɓa nuna mini shi. Ya ce in duba tsakiyarsa da kyau. Sai na ga ashe ba fure ɗaya ba ne, ƙananan furanni ne cunkushe kamar gidajen unguwa, fararen kunnuwan kuma sun kewaye su kamar danga. Ƙudan zuma guda ya sauka, yana bi gida-gida. Na daɗe a durƙushe, har na manta abin da ya fito da ni.

Matsalar ita ce, in Mai-jiran-rani yana ƙarami, ganyensa na kama da na kashin yawo. Da maganin feshi ya shigo, mutane suka goya famfo suka bi iyakar gona da burtali da fako suna fesa komai. Furen ya yi ƙaranci. Ƙudan suka fara ƙaura, amya bayan amya ta koma kango, har da ta kan tsohuwar tsamiyar da ya gada daga mahaifinsa.

Bara ya tarar da Munzali, maƙwabcinsa na gona, zai fesa fakon da ke gindin tsamiyar.

"Munzali, tsaya. Mi za ka kashe?"

"Kashin yawo mana, Baba Ilu. Ko shi ma cikin ɗiyanka yake?"

"Tsinko ganye biyu, wanga da wancan. Murza. Kai hanci."

Munzali ya yi dariya, amma ya murza. Ɗaya ya kama masa yatsa da gashi. Ɗayan, na Mai-jiran-rani, santsi ne, da ɗan ƙamshi mai sanyi.

"To ka ji. Hancinka ya hi famfonka ilimi. Taku uku kawai nake roƙo, ka bar mani."

"Taku ukunka ko nawa? Naka ai sun gajarce."

"Naka nake so, dogo."

Munzali da kansa ya ba ni labarin, kuma ya bar takun uku. Wasu da Malam Ilu ya roƙa haka sun ƙi, suka ce tsufa ne ya kama shi. Ba tsufa ba ne. Gaggawa ce ta kama mu, muna kashe abin da ba mu ma san kamarsa ba.

Malam Ilu, kai ne ka durƙusa inda muke takawa mu wuce. Ba ka da takardar shaida, ba a taɓa kiranka taro ba, amma ka koya wa ƙatti su sansana ganye kafin su yanke masa hukunci. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta wa gwiwoyinka.

A watan jiya na same shi zaune a gindin tsamiyar, ya jingina, idonsa a rufe. Takun Munzali uku sun yi fari fat, iska na kaɗa su a hankali. Na yi sallama, sai ya ɗaga hannu ya nuna sama. Na kasa kunne. Tsohuwar amyar tana amo. Ƙudan zuman sun dawo.

Mun gode, Malam. Ku kuma masu famfo, damina mai zuwa kafin ku matsa, ku durƙusa ku murza ganyen, ku kai hanci. Sannan ku auna taku uku, da ƙafar wanda ya fi kowa tsawo a gidanku.