Inno, Mai Karɓar Zare da Gaɓoɓinsa

Da hantsi, idan raɓa ta bushe a kan ganyen dawa, Inno takan fito da ƙatuwar ƙwarya a ka, auduga ta yi tozo a ciki, fara sol, sai ka ce gajimare ta yanko ta ɗauko. Ba ta sauri. Takan bi bayan marina, ta ratsa inuwar tsamiya, ta gangaro unguwarmu, a ɗan ƙauyen nan namu da ke tsakanin Maska da Malumfashi. Ba kowane gida take shiga ba. Inda ta hango majanyi a shanye kan danga, nan take yin sallama.

Aikinta ke nan tun kafin a haifi yawancinmu. Ta sayi auduga wurin manoma da kaka, ta gurje, ta shiɓe, ta rarraba wa matan da goyo ya zaunar a gida. Su kaɗa zare a ɗan lokacin da suka samu, tsakanin daka da girki, ko sa'ad da yaro ya yi barci. Ranar kasuwa ta kai wa masaƙan Maska, ta dawo wa kowace da rabonta, wata kuɗin wuri, wata gishiri da kanwa, wata hatsi. Ba ta taɓa sa wa mace rana ba. In amaryar jego ta tambayi yaushe za a zo karɓa, amsar ɗaya ce: ran da ɗanki ya ba ki aron hannuwanki.

Ku tambayi Shafa'atu, ita ta fi kowa sanin ko wace ce Inno.

Mijinta Rabe ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, ya bar ta da rumbun da kowa ya san ba zai kai kaka ba, ga Ɗanjuma a baya, ko zama bai fara ba. Har ta soma tunanin fita ƙwadagon noma ta bar yaron wurin maƙwabta, sai ga Inno da mazari da ɗan ƙoƙon alli na shafa wa yatsu. Ta koya mata murza, ta koya mata jan hannu sama a hankali, ta tafi.

Zaren farko bai yi kyau ba, gaskiya. Duk sanda yaron ya motsa, Shafa'atu ta saki mazari ta ba shi nono, zare ya tsinke, in ta dawo ta haɗa. Kowane haɗi ya bar gaɓa mai kauri. Inno ta karɓa ta kai kasuwa. Amma a Maska, wani masaƙi mai suna Sanda ya ɗaga zaren gaban mutane yana tambaya ko zare ne wannan ko karan dawa. Wata maƙwabciya da ta je kasuwa ta kawo maganar har gida, da gishirinta.

Kunya ta kama Shafa'atu, ga tsoron kada a daina karɓar zarenta, rumbu kuwa yana ta yin ƙasa. Sai ta yi abin da uwa kaɗai za ta gane yadda ake faɗa masa. Ta riƙa kwantar da Ɗanjuma a ɗaka, ta saki asabari, ta koma can ƙarshen gida ƙarƙashin rumfa, inda kuka ba ya isowa sosai. Ba za ta tashi ba sai mazari ya cika.

A can kaɗi ya yi mata daɗi. Mazari yana juyawa yana ɗan guɗa a hankali, auduga tana narkewa tsakanin yatsunta, iska tana wasa da inuwar rumfa. Takan ga zaren ya fita ta kan danga, ya ƙetare fadama, ya bi sawun jakuna har garin da ba ta taɓa gani ba, ya naɗe a ƙafar Rabe yana jawo shi gida. Zare ya fito siriri, sumul. Yaron ya yi kuka kwana da kwanaki, daga baya ya rage. Ita kuwa ta ɗauka hankali ya yi.

Ran da Inno ta zo, Shafa'atu ta miƙa mata zaren tana murmushi. Tsohuwar ta lumshe ido kamar yadda ta saba, ta ja shi tsakanin yatsu biyu. Ta ja, ta ja, ba ta ci karo da gaɓa ko ɗaya ba. Ta buɗe ido.

"Ina angona?"

"Yana barci, Inno. Ya daina rigima."

Inno ta ɗaga asabari ta shiga. Ta fito da yaron a kafaɗa, leɓensa a bushe, maɗigarsa ta faɗa. Ta ɗora shi a cinyar uwar, ta ajiye zaren a ƙasa.

"Wannan ba zan kai ba, 'yar nan. Wanda ya kaɗa shi bai tashi ko sau ɗaya ba."

"An ce Sanda ya ce kara nake kaɗawa."

"Sanda ya taɓa shayar da wani? Ba yaron nono."

Mazarin ma tafiya ta yi da shi. Kullum da safe ta dawo ta dama wa Shafa'atu kunun kanwa don nono ya kawo, ta zauna tana tsokanar yaron, wai ango ne marowaci, ko dariya ba ya ba amaryarsa. Sai da maɗigar ta ciko, kukansa ya dawo da ƙarfi har maƙwabta suna ƙorafi, sannan ta mayar da mazarin. Waɗanda suka je kasuwa sun ga yadda ta tsaya a kan Sanda da tsohon zaren nan mai gaɓa, ta ce majanyi take so ya saƙa da shi. Ya yi gunaguni, ya saƙa. Bai yi kyan gani ba, yana da kaushi, amma in an ɗaure shi ba ya zamewa. Da shi Shafa'atu ta goya Ɗanjuma tana kaɗi, da shi Rabe ya tarar da su da ya dawo, rumbu da sauran hatsi a gindinsa.

Inno, ke ce kika nuna mana mace za ta iya neman na gishiri ɗanta yana bayanta. Ke ce ba ki taɓa auna zarenmu ba sai kin fara duba 'ya'yanmu. Uwar masu goyo, bana gwiwa ta hana ki yawo, kin sauke ƙwarya. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sa ki gama lafiya.

Ku kuma masu ba matan gida aiki, kaɗi ne, daddawa ce, saƙar faifai ce, ku yi koyi da ita. Kada ku sa wa mai goyo rana, kuma in aikinta ya yi kyau fiye da kima, ku ce a nuna muku yaron.

Shafa'atu ce ke ɗaukar ƙwaryar yanzu. Kafin ta wuce Maska takan biya ta gindin tsamiya, inda Inno ke zama, ta zube mata zaren unguwa a cinya. Tsohuwar ta lumshe ido ta ja. Duk inda yatsanta ya ci karo da gaɓa, sai ta yi murmushi ta ce, nan wani ya ƙoshi.