Shafin Na Goggo

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da kunyata ta kusa kashe min ɗa.

Ni malamar makaranta ce a Kazaure, amma a rugar Gwiwa na tashi, inda uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Da na sayi babbar waya, sai na saka wata manhaja da ake kira wiki. Abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne ba ta tsara wa mutum komai. Shafi fari za ta ba ka, ka raɗa masa sunan da ka ga dama, ka ɗaura shi da wani shafin. Na buɗe wa kowa a gidan shafin lafiyarsa. Da na zo kan babban ɗana, hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Sai na rubuta "Na Goggo", yadda nake ce masa tun yana goye a bayan surukata Goggo. Manhajar ba ta ce min uffan ba, ni kuwa har daɗi na ji.

Ran nan ina Gwiwa wajen ta'aziyya da ƙaramar waya, babbar na gida tana caji, sai ga kiran maigida.

"Malama, muna asibiti, ciwon ƙafar yaron nan ya ruruce, jikinsa kamar wuta. Suna tambaya wace allura ce ba ta karɓe shi ba yana jariri."

Na tuna yadda allurar ta kumbura masa fuska har numfashi ya sarƙe, amma sunanta ya ɓace min ƙaf.

"Malam, yana cikin wiki, duba wayata!"

"Na taho da ita, na duba! Na rubuta sunansa, babu komai!"

Kafin in buɗe baki, layi ya ɗauke.

Ko sallama ban yi wa mutane ba, na haye acaɓa. Da maigida ya nutsu, ai ya san sunan da nake kiran yaron, amma wa ke nutsuwa ɗansa na kwance? Duk hanya ina ɗaga waya sama ina salati, idona na hango min sirinji ya shiga jikinsa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sai da muka kusa Roni kira ya shiga.

"Na Goggo! Rubuta Na Goggo!"

Ina jin ƙarar takalmansa yana gudu. Sai na ji ya ɗaga murya: "Malam likita, dakata don Allah!" Ashe sun gaji da jira, kuma allurar nan ce a hannunsu.

Yaron ya warke. Ni dai na koyi cewa idan aka sakar maka mara ka tsara abu yadda kake so, to ka tuna da wanda zai neme shi ranar da ba ka nan. Har yau bakina bai furta sunan ɗana ba. Amma a bakin gadon asibitin na rubuta shi cikakke a saman shafin.