Ranar da Bun-tiong Ya Doki Ɗansa

Duk garin Lukang babu mai murya irin ta taubashina Kho Bun-tiong. In ya yi atishawa a shagonsa, tantabarun da ke kan rufin ɗakin bauta na bakin kasuwa sai sun tashi, karnukan ƙetaren kogi su amsa. Ƙato ne, wuya kamar turmi, ciki kamar randa, amma yatsunsa sun fi na amarya laushi. Sana'arsa gina wa matattu gidaje. Da tsagin gora da takarda yake tayar da bene, har da firji da mota da barori a bakin ƙofa, a cinna masa wuta, mamaci ya karɓi abinsa a can. Mu dangi muna ce masa maginin da ya fi kowa sa'a a duniya, tunda ba wanda ya taɓa dawowa ya ce rufinsa na yoyo.

Ɗa ɗaya suka haifa shi da matarsa Giok-lan, sunansa Chi-hong. Ƙiriniyar yara goma aka haɗa aka dura wa wannan yaro. Saboda shi aka rataye tsumagiya a bayan ƙofa, kuma duk unguwa ta shaida Bun-tiong mugun uba ne, don kusan kullum sai an ji duka da ihu daga ɗakin ajiyarsu.

Abin ya samo asali ne ran da aka nemi yaron aka rasa, sai ga ƙafarsa ta leƙo daga cikin gidan takardar da aka yi wa wani attajiri da ya mutu. Barcinsa yake sha a falon mamaci. Giok-lan ta ɗora hannu a ka.

"Rayayye a gidan matattu! Baban Chi-hong, ɗauko tsumagiyar nan. Yau in ba ka dake shi ba, ni zan dake ku ku biyu."

Bun-tiong ya finciko yaron, ya shige ɗakin ajiya da shi yana ruri, ya banko ƙofa. Ya ɗaga hannu, hannu ya ƙi sauka. Sai ya sunkuya ya yi ƙasa da murya.

"Kai ɗan banza, zan doki buhun shinkafar nan. In na doka ka yi ihu, uwarka ta ji."

"Za ka saya mini alewa, Baba?"

"Ihu tukuna, ɓarawo."

Haka suka yi ta yi har yaro ya yi gemu. Buhunan gidan nan sun sha dukan da shinkafarsu ba ta bukatar niƙa. Chi-hong kuwa ko yatsa ba a taɓa ɗora masa ba.

Ya girma ya zama mai gyaran babur, mai dariyar ubansa da bakin uwarsa. Wata ranar ruwa ya tafi kai wa wani babur ɗinsa ta hanyar bakin teku, babbar mota ta ƙwace ta bi ta kansa. Tukunyar taliyar da uwarsa ta ɗora masa ba ta ko tafasa ba aka zo da labari.

Wanda zai yi masa addu'o'in rakiya shi ne Sai-kong Ong, malamin addinin Tao, abokin Bun-tiong tun suna yawo ba wando. Ong ya sami Bun-tiong a shago yana tsaga gora, shayin da aka ajiye masa ya huce. Gidan ɗansa yake ginawa, ya hana kowa sa hannu.

"Ƙaton banza, ka ci wani abu mana," in ji Ong. Ya zauna kusa da shi. "Ka san abin da ke jiranka ranar fita da shi."

Bun-tiong ya sani. Wanda ya tsufa a bakin jana'iza ba a koya masa wannan. Ɗan da ya riga iyayensa tafiya ya yi musu laifi, ya gudu ya bar su ba mai tallafar tsufansu, ba mai kunna musu turare in sun bi baya. Dole uba ya doki akwatin gawar da sanda kafin a ɗauka, horo ya ƙare a nan gida. In bai doka ba, yaro ya tafi da laifinsa a wuya gaban alƙalan lahira, su kuwa ba su san alewa ba.

"Wane laifi ya yi?" in ji Bun-tiong. "Shi ya tuƙa motar?"

"Ba ni na kafa abin ba, ɗan'uwa. Ko hannunka ko na alƙalan lahira. Zaɓi wanda ya fi laushi."

Ranar fita aka cika rumfar da aka kafa a titi. Algaita na kuka, ana kaɗa kuge, hayaƙin turare da na kuɗin wasa na takarda da ake ƙona wa mamaci ya rufe fuskoki. Ƙannen dangi sun sa fararen kaya na makoki. Iyayen kuwa suna tsaye da kayan zaman gida, don babba ba ya sa wa ƙarami kayan makoki. An ɗora akwatin a kan bencina biyu. Ong ya gama karatunsa, ya kaɗa ƙararrawa, ya miƙa wa Bun-tiong tsumagiyar bayan ƙofa, an naɗa mata jan ƙyalle.

Bun-tiong ya matso. Ya buɗe bakin nan da ke tayar da tantabaru.

"Mara kunya! Mara jin magana! Wa ya ce ka tafi?"

Ya ɗaga hannu ya zabga. Aka ji ƙara, mata suka ɓarke da kuka. Amma Ong yana kusa, ya ga inda ta sauka: ƙafar benci.

Ya raɗa masa, "Bun-tiong, alƙalan lahira ba Giok-lan ba ne. Ba a yi musu wannan."

Giok-lan ta ji. Tun ranar da aka kawo gawar ba ta haɗa magana biyu ba. Ta tako ta riƙe hannun rigar mijinta.

"Ita ma Giok-lan ɗin ba a taɓa yi mata ba," in ji ta. "Kana tsammani ban san ƙarar buhu ba? Ni nake share shinkafar da ke zubewa. A bakin ƙofa nake tsayawa ina toshe baki kada ku ji dariyata." Ta nuna akwatin. "Yau kam doke shi, maigida. Kada ka bari baƙi su taɓa mini ɗa."

Ƙaton nan ya sunkuya a kan akwatin. Ya dafa murfin akwatin da tafin hannu, ya shafa, ya kai bakinsa daidai inda kan yaron yake.

"Kai ɗan banza," ya ce a hankali. "Wannan ta gaske ce. Ka yi ihu, uwarka ta ji."

Ya doka. Ya saurara. Ya sake dokawa, ya sake, katakon yana amsawa, kuma ban da katakon ba abin da ya amsa.

Masu ɗauka suka sa kafaɗa. Iyaye ba sa raka ɗa kabari, don haka su biyu suka juya baya suka fuskanci ƙofar gidansu, algaita tana nisa tana nisa har ta ɓace a kwanar kasuwa. Tsumagiyar na hannunsa. Sai da Giok-lan ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Gidan da ya gina wa Chi-hong ya fi duk wanda ya taɓa yi, bene kan bene, da rumfar gyaran babur a gefe. Kafin a cinna masa wuta na leƙa ta taga. Akwai ɗan ɗakin ajiya a baya, da buhun takarda a jingine, da kwanon alewa a kai. Bayan ƙofa ba a rataye komai ba.

Yana nan har yau a shagonsa yana tsaga gora. Tantabarun ɗakin bauta sun yi ƙiba, ba mai tayar da su. In na je na tsokane shi, na ce rufin wani mamaci na yoyo an aiko a faɗa masa, yakan ɗago ya dube ni, ya tura mini shayi. Hannun daman nan da ya yi dukan kuwa, da hagu yake riƙe shi in zai zuba.