Firjin da Aka Shafe da Ƙafar Hagu

Watan nan shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Abban Na'ima, wanda mutanen filin tanis ba su san shi da wani suna ba sai Koci. Injiniya ne a wata ma'aikatar tarayya, da wannan aikin ya ciyar da mu, amma zuciyarsa tana can wani ɗan kulob bayan kasuwar Gudu, inda ake buga tanis a kan jar ƙasa. Kowace Asabar sai ya bar ni da yara a Kubwa, ya rataya raket a kafaɗa, ya bi layin bas tare da masu zuwa kasuwa. Da yamma ya dawo safa ja, wando ja, ni kuwa in kama wanki ina mita.

Duk shekara addu'a da sadaka nake yi masa in yi shiru. Bana na ɗauki alƙalami saboda wani abu da na gani da idona a watan jiya, wanda ya sauke mini nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. Nauyin kuwa autarmu ce, Na'ima. Tana da shekara bakwai ya rasu. Yayyenta sun san shi, sun sha faɗansa, sun ɗauko tafiyarsa da dariyarsa. Ita ce ta ɗauki wasansa ta mayar da shi sana'a, amma in na dube ta a fili ba na ganinsa ko kaɗan. Tsorona shi ne kada ya zamana raket kawai ta gada a wurin ubanta.

Bari in yi wa wanda bai san wasan ba bayani, don ni ma sai da aka yi mini. A jar ƙasa, duk inda ƙwallo ta sauka sai ta bar sawu. In aka yi gardama ko ta taɓa layi ko ta fita, alƙali ya sauko daga kujerarsa ya duba. To akwai wata al'ada ta 'yan wasa: in ƙwallon a ɓangarenka ta sauka, ka duba ka ga ta taɓa layi, sai ka sa ƙafa ka shafe sawun tun alƙali bai iso ba. Ma'ana ka yarda, makin na abokin karawarka ne. Babu dokar da ta tilasta maka. Da yawa sukan juya baya su kama gyaran zaren raket, su bar alƙali da idonsa.

Abban Na'ima bai taɓa juya baya ba. Kuma yana da tasa irin shafar. Gwiwarsa ta hagu ta samu matsala tun wani hatsarin babur yana saurayi, ba ta son ɗaukar nauyi. Don haka sai ya dogara a kan ƙafar dama, ya ja ta hagu a kaikaice da gefen takalmi, kamar mai share tsakar gida a gajiye.

Wannan ƙafa ta hagu ta taɓa jawo mini asarar firji, kuma har gobe ina kan bakana cewa da firjin nan ya yi mana amfani. Gasar ma'aikata aka yi, ya kai wasan ƙarshe, kyautar na ɗaya kuwa firji ne fari tas, an ɗaura masa kirtani an girke shi a gefen fili. Namu na gida a lokacin sai an tokare ƙofarsa da turmi. Tun da safe na matsar da buhun shinkafa, na share wa baƙon wuri a kicin. Maki ɗaya ya rage ya yi nasara, abokin karawarsa ya bugo wata ƙwallo can gefe, mai kula da layi ya ce ta fita. Na miƙe na rangaɗa guɗa. Ban rufe baki ba na hangi mutumina ya taka, ya sunkuya, ya ja ƙafar nan. Daga nan wasa ya juye, aka cinye shi. Muka koma Kubwa a bas da agogon bango, kyautar na biyu, a cinyata.

"Ai ta taɓa, Rakiya," in ji shi, da ya ga na ƙi magana har mun wuce rabin hanya.

"Ta taɓa da me? Da gashin jikinta?"

"Da gashin ma taɓawa ce."

Shekaru na yi ina yi masa gori. Duk ranar da miya ta lalace sai in ajiye masa tukunyar in ce ga aikin ƙafarka. Shi kuma ya ɗaga kai ya dubi agogon bangon, ya gaya mini ƙarfe nawa, ba tare da na tambaya ba. Da ya rasu na daina ba da labarin gaba ɗaya. Ba ya yin daɗi in babu mai duba agogon, shi ya sa Na'ima ta tashi ba ta taɓa jin sa ba.

Wadda ta riƙe wa Na'ima raket bayansa ita ce Ladi, ɗalibarsa ta farko, 'yar Filato, mahaifiyarta tana sayar da dankali a kasuwar Gudu. Ladi ta zama ƙwararriya, ta buga a ƙasashe da dama. Duk da haka, muddin tana gari, ranar Asabar sai ta zo har Kubwa ta ɗauki yarinyar nan, ta dawo mini da ita safa ja. Haka suka yi har Na'ima ta samu makarantar tanis a waje tana da shekara goma sha huɗu. Ta tafi tana yarinya mai kunya, ta dawo mini da wata mai abin jin waƙa a kunne, ba ta murmushi a fili, in ta ci maki ta dunƙule hannu ta yi ihu. Na taɓa ganin ta ta doka raket da ƙasa, ranar kasa cin abinci na yi.

Nakan zauna in ce, da Koci zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai ji daɗin tsofaffin nan da muke gani a talabijin, gwiwa a naɗe, gashi ya fara fari, amma sun ƙi sauka, suna wahalar da yaran da suka kusa haifa. Zai goyi bayan tsohon da baki, yana satar yabon yaron a zuci, don haka yake. Zai yi mamakin ƙarfin yaran yanzu, masu dukan ƙwallo kamar ta yi musu laifi. Abin da nake jin zai dame shi shi ne na'urar da take yanke hukunci a manyan gasa. Ta faɗa, an wuce wurin, babu sauran abin da ya rage wa ɗan wasa ya yarda da shi da kansa. Zai ce an rage gardama, amma an rage wani abu tare da ita.

A watan jiya aka yi gasar ƙwararrun mata a wannan kulob na Gudu, wanda yanzu an yi masa rumfa da kujeru, jar ƙasar dai tana nan. Wadda ta ci za ta samu gurbi a wata babbar gasa a waje, abin da Na'ima ta shekara tana nema. Allah da ikonsa, wasan ƙarshe ya haɗa ta da Ladi, wadda ta riga ta sanar cewa daga wannan ta ajiye raket. Kafin a fara Ladi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni.

"Mama, yarinyan nan ba shi da tausayi fa," in ji ta, da Hausarta ta mutanen Filato. "Ki ce masa ya bar mini numfashi kaɗan, ina da waƙa a coci gobe."

Na'ima ba ta bar mata ba. Zagayen farko kafin in gyara zama ta cinye shi, ƙwallo tana wuce Ladi kamar an aike ta. A na biyu sai tsohuwar hannu ta fito da kayan aikinta. Ta sako gajeriya a bakin raga, yarinya ta rugo, ta ɗaga mata doguwa ta bayan kai, yarinya ta koma. Ta yi ta aiken ta gaba da baya har ta rama. Tsofaffin kulob da suka san Koci suna ta kaɗa kai, don sun gane darasin waye. Ni kuwa na rasa wadda zan yi wa addu'a, sai na ce Allah ya zaɓa.

A zagaye na uku Na'ima ta sake wucewa gaba, har ya rage mata maki ɗaya. Ladi ta bugo wata can gefe inda ba mai iya kai mata. Mai kula da layi ya ce ta fita. Jama'a suka miƙe, ni ma na miƙe, amma wannan karon na riƙe guɗata, don na taɓa yin ta da wuri. Alƙali ya fara saukowa. Na'ima ta taka zuwa wurin, ta sunkuya, ta duba. Sai ta dogara a kan ƙafar dama, ta ja ta hagu a kaikaice, da gefen takalmi.

Na koma na zauna. Matar da ke kusa da ni ta zaci takaici ne, tana ta ba ni haƙuri. Takaicin ma akwai, ba zan ɓoye ba, na ce a raina firji na biyu ke nan. Amma hawayen da suka zubo mini na daɗi ne. Gwiwar yarinyar nan lafiyarta ƙalau, babu abin da ya hana ta shafewa da ƙafar dama.

Ladi ta ci wasan, ta rufe sana'arta da kofi a hannu. A bakin raga ta rungume Na'ima ta daɗe ba ta sake ta ba. Gurbin ya wuce 'yata bana, sai ta sake nema, kuma shekararta goma sha tara, lokaci yana gabanta.

A hanyar komawa Kubwa cunkoso ya tsare mu. Tana zaune kusa da ni ido ya yi ja, ta ƙi magana, sak ni a wancan bas ɗin.

"Kin tuna Abbanki yana yin haka ne?" na tambaye ta.

"Yin me, Ummi?"

"Shafe sawu."

Ta dube ni. "Abba yana yi? Ni wurin Anti Ladi na gani. Na ɗauka kowa haka yake yi."

A nan cikin cunkoso na ba ta labarin firji, karo na farko tun rasuwarsa, da turmin, da agogon, da gwiwar da babur ya taɓa. Ta yi dariya har ta shaƙe.

"Da wace ƙafa yake yi?"

Na ce ta hagu. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

In na duba abin da ya bari, kofunansa sun yi tsatsa a kabad, raket ɗinsa na katako ya lanƙwashe, a ma'aikatarsu da wuya a samu wanda ya tuna teburinsa. Agogon ma ya tsaya tuntuni, na dai ƙi sauke shi. Na daɗe ina neman mutumin nan a fuskar 'yarsa ban same shi ba, ashe ya bi ta ƙafar 'yar mai dankali ya iso gare ta, har da ɗingishinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya saka wa Ladi da alheri.

Na shafe shekaru ina mitar wankin jar ƙasar Gudu. Takalman Na'ima na ranar suna bakin ƙofa, na wanke na dama, na hagun na ce kada wanda ya taɓa shi.